Inshorar gidana a Cape Coral ta kusa ninkawa: ta ina zan rage ba tare da na cuci kaina ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a Cape Coral, jihar Fulorida ta Amurka, a gidan da na saya da bashin banki. An gina shi a 1998, wanda ya sayar mini kuma ya sake masa rufi a 2023. An yi wa ginin inshorar dala 350,000. Kuɗin da nake biya a shekara ya kusa ninkawa cikin ɗan lokaci. Wani wakilin inshora ya ce in ɗaga kason da nake fara biya idan guguwa ta yi ɓarna daga kashi 2 zuwa kashi 10 cikin ɗari, in kuma daina biyan inshorar ambaliya tunda gidana yana yankin X a taswirar ambaliya, banki bai tilasta mini ba. In bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a gidan, ya tsare ku da iyali. Kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu yanzu. Gaskiya ne za su rage maka abin da kake biya, amma hatsarin yana nan yadda yake, an dai sauke shi ne daga wuyan kamfani an ɗora a naka. A aikina na inshorar gidaje a wannan jiha, abin da na fi gani shi ne mai gida yana biyan kuɗin gida mai rauni alhali gidansa ya fi ƙarfin abin da ke rubuce a fayil ɗin kamfani. Daga bayanin da ka yi, ina kyautata zaton kana cikin irin waɗannan, kuma can ne ragin da ya dace da kai yake.

Ya kamata ka fara sanin inda kuɗinka ke tafiya. Tun bayan guguwar Andrew da ta ragargaza Homestead a kudancin Miyami a watan Agustan 1992, ta kuma karya kamfanonin inshora da dama, manyan kamfanonin ƙasar suka riƙa ja da baya daga Fulorida. Ƙananan kamfanonin cikin jiha ne suka cike gurbin. Ƙaramin kamfani ba shi da jarin da zai biya dubban gidaje a rana guda, saboda haka shi ma sai ya sayi tasa inshorar daga manyan kamfanonin da ke Bamuda da Landan da sauransu, galibi a sabunta yarjejeniyar ranar 1 ga Yuni, ranar da kakar guguwa ke farawa. Kaso mai tsoka na abin da kake biya can yake wucewa. Da guguwar Ian ta sauka a tsibirin Cayo Costa ranar 28 ga Satumban 2022, nan kusa da ku, ta yi ɓarnar sama da dala biliyan 100, farashin waccan inshorar ya yi tashin gwauron zabi, aka juyo da shi kan masu gidaje. Ga kuma rigimar kotu: alƙaluman hukumar kula da inshora ta jihar sun nuna cewa a 2019 Fulorida na da kusan kashi 8 cikin ɗari na masu neman diyyar gidaje a duk Amurka, amma ita ke da kusan kashi 76 na ƙararrakin da aka shigar a kan kamfanonin. A 2022 kaɗai kamfanoni shida suka durƙushe. Majalisar jiha ta sauya dokoki a Mayu da Disambar wannan shekarar, ta soke tsarin da ke sa kamfani biyan lauyan mai ƙara, ta kuma hana mai gida miƙa wa ɗan kwangila haƙƙinsa na karɓar diyya. Tun daga nan sababbin kamfanoni sun shigo, farashi ya ɗan lafa. Duk wannan ba ya hannunka. Abin da ke hannunka shi ne yadda kamfani ke kallon gidanka.

A nan maganar rufin 2023 ta shigo. Dokar jihar ta wajabta wa kamfanoni su yi rangwame ga gidan da aka ƙarfafa don jure iska, kuma hujjar da suke karɓa fom guda ne mai lamba OIR-B1-1802. Mai duba gini mai lasisi ne ke cika shi, ya hau saman silin da fitila da kyamara, ya ɗauki hotuna. Kuɗin aikin ba ya cika wuce dala 100 zuwa 150, kuma fom ɗin yana aiki shekara biyar. Ka buɗe takardar farko ta inshorarka, wadda ake jera abin da inshorar ke biya da rangwamen da aka yi maka, ka duba ko an rubuta shekarar rufin daidai. Sau da yawa ana sayar da gida da tsohon fom, ko ma babu fom ɗin sam, sai kamfani ya ci gaba da lissafi da rufin 1998. Gidan da aka gina kafin 1 ga Maris 2002, ranar da dokar gini ta bai ɗaya ta fara aiki a faɗin jihar, kamfani yana ɗaukarsa mai rauni ne har sai an kawo masa shaida.

Abubuwa da dama fom ɗin ke tambaya, amma ba duka ne nauyinsu ɗaya ba. Siffar rufi tana da tasiri sosai: rufi mai gangara ta ɓangarori huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska, domin ba shi da bangon goshi da iska za ta daka, amma wannan yadda aka gina gida haka yake, ba a sauya shi cikin sauƙi. Sai yadda aka kafa fale-falen katakon da ke ƙarƙashin rufin. Idan an sake rufi da izinin hukuma, doka ta sa a sake kafa su da ƙusoshi masu ƙarfi a kusa da juna, don haka akwai yiwuwar ka riga ka cancanci wannan rangwamen ba ka sani ba. Sai shimfiɗar hana ruwa ta biyu, wadda ake manna wa katakon kai tsaye ta yadda ko iska ta yaye saman rufin ruwa ba zai zubo ɗaki ba. Wannan ita ce mai wuyar tabbatarwa, domin rufi ya riga ya rufe ta. Ka nemi takardar izinin aikin a ofishin gini na birnin, inda za ka ga sunan kamfanin da ya yi rufin, ka roƙe su rasit ɗin kayan da hotunan aikin.

Wanda na fi so ka sa wa ido shi ne mahaɗar rufi da bango. Guguwa ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi sama, kuma abin da ke riƙe da shi ƙananan ƙarafa ne da aka kafa a jikin kowace rafta, wato katakon da ke ɗauke da rufin. Fom ɗin ya kasa su mataki-mataki: ƙusa kawai da aka buga a karkace, sai maƙalin ƙarfe, sai ɗamarar ƙarfe da ta zagaye rafta sau ɗaya, sai mai zagaye biyu. Kafin a lissafa maka maƙali ko ɗamara, dole kowanne ya kasance da ƙusa uku aƙalla. Gidaje da yawa na shekarun 1990 suna da ƙarfen, amma kafinta ƙusa biyu ya buga. A idon fom ɗin, irin wannan gida daidai yake da wanda ba shi da ƙarfe ko ɗaya. Akwai 'yan kwangila masu lasisi da aikinsu ke nan, su bi rafta ɗaya bayan ɗaya su ƙara ƙusa ta uku, a sake duba gidan, ya hau mataki na gaba. Aiki ne na yini ɗaya ko biyu, kuma a gidaje da yawa rangwamen yana mayar da kuɗinsa cikin 'yan shekaru kaɗan. Kafin ka biya kowa, ka sa wakilinka ya lissafa maka a rubuce nawa za a rage idan gidan ya hau matakin, domin kowane kamfani da nasa ma'aunin.

Tagogi da ƙofofi kuwa, ƙa'idarsu tana da tsauri: mafi rauni shi ke yanke wa gida hukunci. Ko ka sa murfin ƙarfe ko gilashi mai jure duka a tagogi goma sha ɗaya, idan ka bar ƙaramar tagar banɗaki ko gilashin jikin ƙofar gareji a buɗe, ka rasa rangwamen. Dalilin a fili yake. Da zarar iska ta sami kafa guda ta shiga gida, matsinta na ciki yana haɗuwa da jan da take yi daga waje, rufi ya tashi. Idan aljihu bai kai ga sauya tagogi ba, murfin ƙarfe da ake ɗaurawa da hannu ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma fom ɗin yana karɓarsa muddin yana da shaidar gwaji. Jihar tana da shirin My Safe Florida Home da aka farfaɗo da shi a 2022, mai duba gida kyauta da tallafin da ya kai dala 10,000, inda gwamnati ke ba da dala biyu a kan kowace dala ɗaya ta mai gida. Kuɗin shirin yana ƙarewa da wuri, kuma tun 2024 masu ƙaramin ƙarfi da tsofaffi ake fara ba wa. Ka yi rajista duk da haka, amma kada ka fara aiki kafin a amince maka a rubuce, in ba haka ba ba za a mayar maka da kuɗin ba.

Yanzu ga maganar kashi 10. Mutane da yawa suna zaton kason yana fita ne daga kuɗin ɓarnar. A'a, daga jimlar inshorar ginin yake fita. A gidanka na dala 350,000, kashi 2 shi ne 7,000, kashi 5 shi ne 17,500, kashi 10 kuma 35,000. Wato idan guguwa ta yaye rufinka, gyaran ya kama dala 30,000, a kashi 10 kamfani ba zai ba ka ko sisi ba, alhali irin wannan ɓarnar ce ta fi yawa, ba rushewar gida gaba ɗaya ba. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: idan guguwa ta wuce yau, kana da dala 35,000 a ajiye da za ka taɓa ba tare da ka ci bashi mai ruwa ba, ga kuɗin otal, ga kwanakin da ba a je aiki ba? Idan babu, to ragin nan ba naka ba ne. Kashi 5 yana iya dacewa da mai ajiya, bisa sharaɗin ya riƙa zuba abin da ya rage a wani asusu daban da ba ya taɓawa. Ka kuma tambayi bankinka tukuna, domin yawancin masu ba da bashin gida ba sa yarda kason ya wuce kashi 5. Sauƙin da dokar Fulorida ta yi shi ne ana cire wannan kason sau ɗaya ne a shekara, ko guguwa nawa ta zo, darasin da aka koya daga 2004 lokacin da Charley da Frances da Ivan da Jeanne suka bi jihar a jere cikin makonni shida. Saboda haka ko ɓarnar farko ba ta kai kason ba, ka sanar da kamfani ka adana rasit, domin a lissafa maka idan ta biyu ta zo.

Shawarar barin inshorar ambaliya ita ta fi tayar mini da hankali. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ruwan da ya taso daga ƙasa. Ruwan sama da ya zubo ta rufin da iska ta yaye, tana biya. Ruwan teku da guguwa ta tunkuɗo, ko na magudanar da ta cika ta malalo ta ƙarƙashin ƙofa, ba ta biya ko da taku ɗaya ne. Kai kuma kana zaune ne a birnin da aka haƙa masa magudanan ruwa na sama da mil 400, da yawansu a haɗe da kogin Caloosahatchee da teku. Lokacin Ian ruwan teku ya kai ƙafa 10 zuwa 15 a Fort Myers Beach, ya bi kogin da magudanan ya shiga unguwannin Cape Coral. A 2024 guguwar Helene ta sauka can arewa, nesa da Tampa, amma ruwan da ta tunkuɗo ya cika dubban gidaje a gabar Tampa da kewaye. Harafin X a taswirar FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, ba ya nufin ruwa ba ya zuwa. Abin da yake nufi shi ne yiwuwar ambaliya a wurin ba ta kai kashi 1 cikin ɗari a shekara ba bisa lissafin lokacin da aka zana taswirar, don haka doka ba ta sa banki ya tilasta maka ba. Taswira kuwa tana tsufa, gine-gine da kwalta suna ƙaruwa, hanyar ruwa tana sauyawa.

Akwai wata asarar da ba a cika faɗa wa mutane ba. Tun daga Oktoban 2021 shirin inshorar ambaliya na tarayya, NFIP, ya koma lissafa farashi gida-gida, bisa nisansa da ruwa da tsayin daɓensa da kuɗin sake gina shi. Wanda ke da tsohuwar inshora ba a ɗora masa sabon farashin lokaci guda, doka ta hana ƙarin ya wuce kashi 18 a shekara ga gidan da mutum yake zaune a ciki. Idan ka bari ta mutu, ka dawo bayan shekara biyu, cikakken farashin za ka taras. Sannan sabuwar inshorar NFIP sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki, kamfanonin inshorar gida kuma suna rufe karɓar sababbi ko yin sauyi da zarar an fitar da gargaɗin guguwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan farashinta ne ya dame ka, akwai abin yi: ka nemi takardar shaidar tsayin gida daga ofishin birni, wadda kan rage kuɗi idan daɓenka ya fi abin da FEMA ta ƙiyasta tsayi, ka kuma nemi farashi daga kamfanoni masu zaman kansu da ke sayar da inshorar ambaliya. NFIP ba ya biyan fiye da dala 250,000 a gini da 100,000 a kayan ɗaki, kuma ba ya biyan kuɗin zama a wani wuri lokacin gyara, wasu masu zaman kansu kuwa suna biya. Sai dai ka auna da kyau kafin ka fita, saboda waccan kariyar ta kashi 18.

Ka kuma duba adadin 350,000 ɗin kansa. Ya kamata ya zama kuɗin sake gina gidan ne, ba kuɗin da ka saye shi ba, domin fili ba ya rushewa. Kamfanoni suna ƙara adadin kai tsaye duk shekara saboda tsadar kaya, wani lokaci ya zarce gaskiya. Ka sa a sake ƙiyasin da ainihin faɗin gidan da irin kayan da ke ciki. Idan ya sauka, kuɗin shekara da kason guguwa duk za su sauka tare. Amma kada ka matsa a rage shi ƙasa da gaskiya, domin bayan guguwa kuɗin leburori da kaya hawa yake yi. Akwai kuma wani layi da bana so ka taɓa, wato na ƙarin kuɗin bin sabuwar dokar gini, wanda a Fulorida ake ba da shi a kashi 25 ko 50. Gidan 1998 idan ya lalace sosai, ba za a bar ka ka mayar da shi yadda yake ba, sai yadda dokar yau ta ce, kuma wannan layin ne ke cike bambancin. Haka nan idan aka kawo maka farashi mai rahusa ƙwarai, ka karanta yadda za a biya rufi. Wasu yarjejeniyoyin suna biyan kuɗin sabon rufi, wasu kuma suna cire tsufansa, wasu suna da kaso na daban a kan rufi kawai. Araha ba ta ado. Idan kana da rumfar raga a kan wurin wanka na bayan gida, irin wadda ta cika unguwanninku, ka tambaya musamman, domin sau da yawa ba ta cikin abin da ake biya idan guguwa ce.

Game da neman wani kamfani, ka je wurin wakili mai zaman kansa da ke hulɗa da kamfanoni da yawa, ka kai masa sabon fom ɗin da rahoton duba rufi da wayoyin lantarki da famfo da na'urar sanyaya gida, wanda ake nema ga tsofaffin gidaje. Ka fara kamar wata biyu kafin ranar sabuntawa. Ka tabbatar kamfanin yana cikin masu cikakkiyar rajista a jihar, domin su ne FIGA, asusun lamunin inshora na jihar, ke tsaya wa masu gidajensu idan sun karye, kuma bankinka ya yarda da darajar ƙarfinsa. Citizens, kamfanin da jiha ta kafa a 2002 don wanda ya rasa mai karɓarsa, ba mafaka ce mai ɗorewa ba. Idan wani kamfani ya yi maka tayin da bai ɗara farashin Citizens da fiye da kashi 20 ba, ba ka da damar zama, kuma bayan babbar guguwa Citizens yana iya ɗora wa masu inshorarsa ƙarin kuɗi. Lura kuma cewa doka ta sa masu inshorar Citizens da ta haɗa da iska su riƙe ta ambaliya, mataki-mataki har ta game kowa a 2027, ko da a yankin X suke.

Inda za ka iya ɗaga kaso ba tare da fargaba ba shi ne na sauran hatsarori, kamar gobara da sata da fashewar famfo. Daga dala 1,000 zuwa 2,500 abu ne da yawancin magidanta ke iya ɗauka, kuma dama ƙananan ɓarna ba su cancanci neman diyya ba, domin duk wanda ka nema yana zama a rumbun bayanan CLUE har shekara bakwai, kowane kamfani yana gani. Idan kuwa babbar ɓarna ta zo, Allah ya kiyaye, shekara ɗaya kawai doka ta ba ka yanzu ka sanar da kamfani, ba biyu ba kamar da. Ka zagaya gidan da wayarka tun yanzu ka ɗauki bidiyon kowane ɗaki da rufi da tagogi, ka ajiye a intanet. Kuma duk ranar da ka sauya kamfani, ka aika wa bankinka sabuwar takardar da kanka, ka bi sawu har su tabbatar sun karɓa. Idan suka ga kamar gidan ba shi da inshora, za su saya masa tasu mai tsada wadda ginin kawai take karewa, su ɗora maka a kan biyan wata. Bayan an yi maka rangwamen ma, sai ka roƙe su su sake lissafin asusun da suke tara kuɗin haraji da inshora a ciki, in ba haka ba biyanka na wata ba zai sauka ba sai lissafin shekara ya zagayo.